Yadda A Ke Gina Waƙa A Cikin Ɗaki

Tun da muka dawo daga dogon hutu abokaina ke ta tambayata yadda na yi na haɗa waƙar bikin yayata ba tare da na taka ƙofar sitidiyo ba. Na gaji da ba da amsa a bakin famfo da kan layin abinci, shi ya sa na ga gara in rubuta a nan kowa ya karanta. Ni dai ba gwani ba ne. Waƙa ɗaya tak na taɓa gamawa, ita ma sai da na rushe ta na sake gini. Abin da rushewar nan ta koya mini shi na ke so in bayyana.

Ga yadda abin ya faru. An sa ranar auren yayata a cikin hutu, ni kuwa na cika baki a gaban mutane cewa ni zan yi waƙar da za a sa ranar kamu. Ɗan kawuna yana da kwamfuta mai manhajar FL Studio, da wani ɗan makirufo da ya saya na hannu. Muka shige shagon samari na ƙofar gida, kwana shida ba mai ganinmu sai lokacin salla da na tuwo. Muka fito da waƙa mai tsawon minti bakwai da rabi, muna ji da kanmu. Bayan magariba aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na kunna. A minti na farko kowa yana murmushi. Kafin minti na uku ƙannena sun koma wasansu, Inna ta tashi wai za ta duba tukunya. Yaya, saboda kara, ta ce ta yi daɗi. Kakata ce kaɗai ta zauna har ƙarshe, sa'an nan ta dube ni ta ce, "Kai maigidana, kiɗa kam na ji, sunayen dangi ma na ji. To, ina gindin waƙar? Me zan riƙe in shiga ɗaki da shi?" A ran nan saura kwana tara biki.

Da farko na ɗora laifin a kan kayan aiki, na ce ai da a babban sitidiyo muka yi da ba haka ba. Amma wannan ba hujja ba ce, domin an daɗe ana yin waƙoƙi na gaske a ɗakin kwana. A shekarar 1979 kamfanin TEAC na ƙasar Japan ya fito da wata rikoda mai suna Portastudio, wadda ke ɗaukar layi huɗu na sauti a kan kaset irin wanda iyayenmu suka sani. Watau mutum zai ɗauki ganga a layi ɗaya, ya mai da kaset baya ya ɗora molo a na biyu, sa'an nan murya a na uku, duk shi kaɗai. Da irin wannan rikoda ne mawaƙin Amurka Bruce Springsteen ya ɗauki waƙoƙin faifansa Nebraska a gidansa cikin 1982. Ya je babban sitidiyo da makaɗansa don a sake su, amma a ƙarshe na gidan aka fitar. Haka kuma Billie Eilish da yayanta Finneas, a ɗakin kwanan yayan, a gidan iyayensu, suka haɗa faifan da ya fito a 2019, wanda ya ci kyautar Grammy ta faifan shekara a 2020. Ashe ke nan ɗaki bai hana waƙa.

Ciwon namu daban ne, kuma ina zaton shi ke damun yawancin masu koyo. Ko FL Studio ce, ko BandLab ta waya, manhajar ta kan ba ka ɗan guntun kiɗa na kamar sakan goma, ya yi ta juyawa ba tsayawa kamar injin markaɗe. Sai ka ji ya yi daɗi, ka ƙara fiyano, ka ƙara sarewa, ka ƙara tafi, kana ta kaɗa kai. Mai layi huɗu tilas ya yanke shawara tun da wuri, gama ba shi da wurin ɓarna. Mu da ba a ƙayyade mana ba, sai da muka tara layi 23 a kan guntu ɗaya, muka miƙe shi minti bakwai, na hau kai ina ta zuba magana. Mun yi ta yi wa bango ɗaya ado alhali ba mu auna filin gidan ba.

Maganar Kaka ce ta tuna mini da darasin da muka yi a aji. Malaminmu na Hausa ya taɓa kawo mana littafin Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, Jagoran Nazarin Waƙar Baka, inda a ke kiran amshi gindin waƙa, baitocin da ke biye kuma ɗiyanta. A lokacin na haddace ne kawai don jarrabawa. Amma ku saurari Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999. Ya kan kafa gindin tun a bakin farko, 'yan amshi su karɓa, kalangu ya riƙe, sa'an nan shi ya tafi yawonsa ya dawo. Duk nisan da ya yi, mai sauraro bai ɓata ba, don ya san inda za a sauka. A wajen Musa Ɗanƙwairo 'yan amshi har su kan karɓi magana daga bakinsa su ƙarasa, amma gindin yana nan daram. Ɗanmaraya Jos ma, da ba shi da 'yan amshi, kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya shi ke komowa kan kari guda yana riƙe masa waƙar. Lalle da tsohuwar zuma a ke magani.

Saboda haka shawarata ta farko ita ce, kada ka kunna kwamfuta sai ka sami amshi. Ya kasance gajere, layi biyu ko huɗu, kuma ya ɗauki ainihin abin da ya sa ka ke waƙar. Na zauna na tambayi kaina, me zan fi rasawa in Yaya ta tafi? Ba girkinta ba ne, ba kuma kwalliyarta ba, waɗanda na cika waƙar farko da su. Ita ce ke tashinmu da asuba tun muna ƙanana, tana bubbuga ƙofa tana kiran sunayenmu ɗaya ɗaya. Sai na rubuta:

Yaya za ta gidan kanta,
Wa zai tashe mu da muryarta?

Ga yadda za ka gane ko amshi ya kafu. Ka rera shi sau biyu, ba kiɗa, a gaban ƙaramin yaro, ka tafi sha'aninka. Na yi wa autarmu mai shekara shida da safe. Da la'asar na ji ta tana yi a bakin rijiya, ba wanda ya sa ta. Amshin da ya kasa tsayawa da baki kawai, kiɗa ba zai tsai da shi ba.

Abu na biyu shi ne taswira, kuma nan ne lissafi ya shigo. Yawancin kiɗan da a ke haɗawa a kwamfuta ana ƙirga shi bugu huɗu huɗu. Masu sitidiyo su kan ce wa kowane bugu huɗu "ba", ni kuwa a nan zan kira shi dami. Saurin kiɗa kuma ana auna shi da yawan bugu a minti ɗaya. In ka sa manhaja a kan bugu 100, dami ɗaya zai ci sakan 2.4, dami takwas sakan 19 da 'yan kai, minti uku kuwa dami 75 ne cif. Da na ga wannan adadi sai jikina ya yi sanyi, domin na gane dami 75 kaɗai gare ni in kashe, kamar kuɗin kashewa na zango guda. Na ɗauki takarda na raba haka: buɗewa dami 4, amshi 8, baiti na farko 16, amshi 8, baiti na biyu 16, amshi 8, gada 8, amshi 8, rufewa 4. Jimla dami 80, watau minti uku da sakan 12. Gada ita ce ɗan wurin nan kusa da ƙarshe inda a ke sauya kari ko a sassauta kiɗa, don kunne ya huta kafin amshi ya dawo. Na manna takardar a bango saitin idonmu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wani zai ce, ai Shata ya kan yi minti ashirin yana waƙa ɗaya. Gaskiya ne. Amma Shata a tsaye ya ke a gaban jama'a, yana ganin fuskokinsu, ana rawa, ana liƙi, wani babban mutum ya shigo ya sako shi a waƙar nan take. Taron da kansa ke ba waƙar sabon numfashi. Waƙar da ke fitowa daga waya ba ta ganin kowa. Ita ma al'adar minti uku tana da asali: faifan garmaho mai juyi 78 a minti, mai faɗin inci goma, kusan minti uku kaɗai ya ke ɗauka a kowane gefe, sai mawaƙa suka saba da dunƙule maganarsu. Kaset ya zo ya ba da sarari, C60 minti talatin a gefe guda. Yanzu kuwa sararin ba iyaka, haƙurin mai sauraro ne ya ragu. A Spotify ma ba a lissafa cewa an saurari waƙa sai ta kai sakan 30 tana tafiya. A nan ina ganin tsarinmu na Hausa ya fi dacewa da zamanin. Waƙoƙin Turawa da yawa da baiti su ke farawa, sai an jima amshi ya zo. Mu kuwa da gindi a ke buɗewa. A taswirata amshi ya shigo kafin sakan goma su cika. A waƙar da na rushe, kiɗan buɗewa kaɗai ya ci sakan hamsin.

Sai baitoci. Kowane baiti a ba shi aiki ɗaya, kuma na biyu ya matsa gaba, kada ya maimaita na farko da wasu kalmomi. Nawa na farko ya tsaya a gidanmu da asuba: sanyi, buta, bugun ƙofa. Na biyu ya bi ta zuwa sabon gida, yana roƙon mutanen can su riƙe ta amana. A gada na yi addu'a, layi huɗu kacal. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne sunaye. A waƙar farko na ambaci mutum goma sha ɗaya, gwaggo da inna da kawu, kowa da kirarinsa, don kada wani ya ce an manta da shi. Su ne suka cinye minti huɗu. Na cire su duka. Wata gwaggona ta ji labari ta aiko a gaya mini ta gode. Dabarar da muka yi daga baya ita ce, muka ware kiɗan shi kaɗai ba murya, don ranar biki a sa shi in kira sunaye da bakina a gaban masu su, inda kiran ke da amfani.

Akwai wani tarko da ya shafi harshenmu musamman. Hausa tana da dogon wasali da gajere, tana kuma da hawa da saukar murya, su ne ke bambanta ma'ana. Garin da a ke zama a ciki da garin da a ke tuƙa tuwo da shi, a rubuce ɗaya ne, a baki kuwa na tuwo ya fi jan wasalin farko. In ka fara yin kiɗa sa'an nan ka tilasta wa kalmomi su bi shi, sai ka ja inda ba a ja, ka mai da birni abin tuwo. Maganinsa, ka faɗi layin da bakinka kamar kana magana da mutum, ka saurari inda murya ta hau da inda ta sauka, sa'an nan ka ɗora karin a kan wannan. Auto-Tune, wadda ta fito tun 1997, tana iya gyara muryar da ta kauce, amma ba ta san Hausa ba.

To, yanzu an zo ginin kansa. Mun fara da ɗan ƙwas-ƙwas ɗin nan da manhaja ke yi don ƙirga bugu. A kansa na rera waƙar tun daga farko har ƙarshe, ba kiɗa, ba neman kyau. Wannan muryar jagora ce kawai, daga baya za a share ta, amma ita ke nuna wa kowane kiɗa inda zai shiga da inda zai yi shiru. Sa'an nan ganga, sa'an nan kiɗa mai kauri na ƙasa wanda a ke ce wa bes, sa'an nan fiyano. Murya ta gaskiya ita ce kusan ta ƙarshe.

Babban sirrin da na gano shi ne, ragewa ta fi ƙari aiki. Mun fara cika amshin ƙarshe da duk abin da mu ke da shi, sa'an nan muka dawo baya muna cirewa. A baiti na farko ganga da bes kaɗai muka bari. A amshi fiyano ya shigo. A baiti na biyu muka ƙara tafi, don kada ya zama tagwayen na farko. Doka ɗaya muka bi: duk bayan dami takwas wani abu ya shiga ko wani ya fita, ko da ƙanƙane ne. Fiyano da muryar mutum kusan wuri ɗaya su ke zama a kunne, saboda haka in ina magana sai ya ja baya, ya amsa a inda na tsaya shan iska, kamar yadda kalangu ke yi wa mawaƙi. Daga layi 23 muka komo tara. A ƙarshen gada kuma muka kashe kome da kome na tsawon dami ɗaya. Sakan biyu da ɗan ɗori ne kawai na shiru, amma da amshi ya faɗo bayansa sai ka ji kamar an buɗe ƙofa. A duk waƙar ba inda na fi so kamar wurin nan da ba kome a cikinsa.

Game da amshi, kada ka kwafi muryarka ka manna a layi na biyu kana zaton ka sami 'yan amshi. Ƙara kawai za ta ƙaru, mutum ɗaya dai za a ji. Sai ka sake rerawa sabuwa, domin ɗan bambancin da ke tsakanin biyun shi ke sa kunne ya ji taro. Mu ƙannena uku muka tara, muka ɗauke su sau biyu, muka tura ɗauka ɗaya kunnen dama ɗaya kunnen hagu, tawa muryar a tsakiya. Kalangun da ke cikin kwamfutar kuma bai gamshe ni ba, don ba ya lanƙwasa murya kamar na gaske. Sai muka aro ƙwaryar Inna muka kife a cikin baho da ruwa, irin kiɗan da mata ke yi, wanda marigayiya Barmani Choge ta yi suna da kiɗan ƙwarya danginsa. Wata 'yar gwaggonmu ta kaɗa mana. Sautin nan shi ya sa waƙar ta yi ƙamshin gida.

Maganar ɗaki ba ta da yawa. Bangon siminti yana mai da sauti, don haka muka jingina katifa a bayana muka rataya barguna. A kashe fanka. Baki ya yi nisan taƙi ɗaya da makirufo, a sa rariya mai ƙyalle a tsakani saboda iskar haruffa irin su f da b da t. A saurari kiɗa ta abin kunne mai igiya, gama marar igiya ya kan yi jinkiri ya jefa ka bayan bugu. In ma'aunin sauti ya taɓa ja, a rage, domin muryar da ta fashe ba ta gyaruwa. Lokaci mafi kyau a unguwarmu shi ne bayan sallar asuba, kafin masu janareto su tashi.

Iyayenmu, na san wasunku na ganin wannan hanyar roƙo ce ko ta shashanci, kuma ban ce tsoron ba shi da dalili ba. Babana ma sai da ya gindaya sharaɗi: ba zambo, ba habaici, ba aiki bayan ƙarfe goma na dare, kuma shi zai fara jin kalmomin kafin kowa. Ya ji, ya sa na canja layi ɗaya. 'Yan'uwana kuma, kun san dokar makaranta a kan waya, kada wani ya ce ni na aike shi. Amshi da baitoci da taswira, waɗanda su ne rabin aikin, biro da takarda kawai su ke bukata. Na riga na cika shafi shida na waƙar da zan ɗauka hutu mai zuwa.

Saura rufewa. Akwai mai barin kiɗa ya yi ta raguwa har ya ɓace, akwai mai tsayawa cak. Na zaɓi tsayawa, domin a taron biki in sauti ya fara raguwa sai a zaci lasifika ce ta lalace. A dami huɗun ƙarshe muka cire kiɗa duka, muka bar muryoyin yara da ƙwarya. Da muka gama ba mu ba kowa ba sai da ta kwana, don kunnen da ya wuni yana jin abu ɗaya ba ya faɗin gaskiya. Washegari muka saurare ta a ƙaramar waya, muka kuma saurara a motar kawu. A waya bes ya ɓace ɗungum, a mota kuma ya danne murya, sai muka rage shi muka ɗaga ƙwarya.

Ranar kamu, kafin amshi ya zagayo na uku mata sun karɓe shi da tafi, Yaya ta ja mayafi ta rufe fuska. Da dare na je gai da Kaka. Ta ce, "Gindi kam ya samu, maigidana. Amma a baiti na biyu ka cika surutu, kuma akuyar wa na ji tana kuka a ciki?" Na koma na saurara da abin kunne. Tana nan kuwa, a minti ɗaya da sakan arba'in, akuyar maƙwabta ce.